Amfani da Mutum na Biyu a Bayanin Ɗaki cikin Wasannin Rubutu na Intanet

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe yakan fara haɗuwa da mutum na biyu ne a cikin jadawali: kai, ke, ku. Ya haddace su, ya wuce zuwa darasi na gaba. Sai dai akwai wani nau'in rubutu da waɗannan ƴan kalmomi suke zama babbar matsala a cikinsa, har marubutansa suka rabu gida biyu a kansu. Wannan nau'i shi ne bayanin ɗaki a wasannin rubutu na intanet, wato gajeren sakin layin da na'ura take nuna wa mai wasa domin ta sanar da shi inda yake.

Wannan takarda za ta bayyana yadda mutum na biyu ya shiga irin wannan rubutu, da dalilan masu amfani da shi, da kuma dalilan masu guje masa. Daga nan za ta duba abin da zai faru idan aka ce za a yi rubutun da Hausa, harshen da yake bambanta namiji da mace a mutum na biyu. Abin da ake son ɗalibi ya fahimta shi ne: bayanin ɗaki rubutu ne guda ɗaya da yake jiran masu karatu da yawa, don haka duk abin da aka jingina wa "kai" a cikinsa dole ne ya kasance gaskiya ga kowane mai karatu, a kowane lokaci.

2.0 Wasannin Rubutu

2.1 Taƙaitaccen Tarihi

Wasan rubutu shi ne wasan kwamfuta wanda babu hoto a cikinsa. Na'ura tana rubuta wa mai wasa abin da ke kewaye da shi, shi kuma ya buga mata umarni, kamar "tafi arewa" ko "ɗauki fitila", ta ba shi amsa a rubuce. Wasa na farko da ya yi suna a wannan fage shi ne Colossal Cave Adventure, wanda Will Crowther ya rubuta a Amurka tsakanin 1975 da 1976. Crowther mai sha'awar shiga koguna ne, kuma ya gina wasan a kan wani sashe na kogon Mammoth da ke jihar Kentaki. A 1977 Don Woods na Jami'ar Stanford ya faɗaɗa shi. Jumlar farko ta wasan tana shaida wa mai wasa cewa yana tsaye a ƙarshen wata hanya, gaban wani ƙaramin gini, kuma da mutum na biyu aka rubuta ta. A 1977 ɗin ne wasu masu bincike a cibiyar MIT suka fara rubuta Zork, suka bi wannan salo.

Waɗannan wasanni na mutum ɗaya ne. A 1978 Roy Trubshaw, ɗalibi a Jami'ar Essex ta Ingila, ya fara rubuta wasan da mutane da yawa za su shiga a lokaci guda, ya sa masa suna MUD. Richard Bartle ya karɓi aikin a 1980. Daga baya sunan ya zama na nau'in gaba ɗaya. An sami AberMUD a 1987, da TinyMUD da LPMud a 1989, da LambdaMOO a 1990, sai DikuMUD wanda wasu ɗalibai suka rubuta a sashen kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Kopenhagen ta ƙasar Danmak, aka sake shi a 1991. Wasanni masu hoto sun janye mafi yawan ƴan wasa tun daga ƙarshen shekarun 1990, amma har yanzu akwai wasannin rubutu da ke aiki, kuma makafi suna cikin masu yin su, domin manhajar da ke karanta allo da murya tana iya karanta musu komai.

2.2 Ma'anar Ɗaki

A waɗannan wasanni kalmar "ɗaki" ba ta tsaya ga wuri mai bango da rufi ba. Duk wurin da mai wasa zai iya kasancewa ɗaki ne, ko kasuwa ce, ko bakin kogi, ko tsakiyar daji. A DikuMUD kowane ɗaki yana da lamba, da take, da bayani, da mafita zuwa wasu ɗakuna ta fuskoki 6: arewa, gabas, kudu, yamma, sama da ƙasa. Misali, ɗaki mai lamba 3001 shi ne haikalin birnin Midgaard, inda ƴan wasa suke farawa. Masu rubuta ɗakuna ana kiran su magina.

Abu uku ya kamata a riƙe game da bayanin ɗaki. Na farko, sau ɗaya ake rubuta shi a ajiye, ba ya canzawa. Na biyu, ana nuna shi duk lokacin da wani ya shigo ko ya buga umarnin dubawa, don haka mutum ɗaya yana iya karanta shi sau ɗari. Na uku, mutane da yawa suna iya kasancewa a ɗakin a lokaci guda, kowa da tauraron da yake wakiltarsa: wani namiji, wata mace, wani jarumi, wani yana zaune, wani yana faɗa.

3.0 Mutum na Biyu a Nahawu

Masanin harshe ɗan ƙasar Faransa Émile Benveniste ya nuna, a wata maƙala ta 1956 a kan wakilan suna, cewa "ni" da "kai" ba su da tsayayyen abin da suke nufi. Duk wanda ya buɗe baki shi ne "ni", duk wanda aka fuskanta da magana shi ne "kai", kuma da zarar magana ta juya sai su yi musayar matsayi. Ma'anarsu tana rataye ne ga lokacin furuci. Mutum na uku kuwa yana nuni ga wanda ba ya cikin musayar.

A hira, mai magana yana ganin wanda yake ce wa "kai". A wasiƙa, ya san shi. A ƙagaggen labari ma akwai marubutan da suka yi amfani da mutum na biyu, kamar Michel Butor a littafinsa La Modification na 1957, wanda aka rubuta da vous. Amma vous ɗin Butor mutum ɗaya ne, matafiyi a jirgin ƙasa daga Paris zuwa Roma, kuma marubucin ne yake yanke abin da zai yi da abin da zai ji. Magini ba shi da wannan iko. "Kai" ɗinsa gurbi ne wanda ba a san mai cika shi ba, kuma mai cika shin ya shigo wasan ne domin ya yanke wa kansa abin da zai yi. Daga nan matsalar ta taso.

4.0 Dalilan Masu Amfani da Shi

Masu goyon bayan mutum na biyu suna da hujjoji masu ƙarfi. Hujja ta farko ita ce yana jawo mai karatu cikin wurin. Jumla kamar "Kana tsaye a bakin rijiya" tana sa mutum ya ji da shi ake, alhali "Akwai rijiya a nan" tana iya zama kamar lissafin kaya. Hujja ta biyu ita ce daidaito: tunda mai wasa yana ba na'ura umarni tana amsa masa da "ka", ya dace bayanin ɗaki ya bi murya ɗaya da sauran saƙonni. Hujja ta uku ta al'ada ce, domin da haka nau'in ya fara. Hujja ta huɗu ta shafi Ingilishi: maginin da ya guje wa you yakan faɗa cikin jumloli masu ɓoye aikau, waɗanda masu karatun wannan harshe suke ganin sun yi nauyi idan suka yi yawa.

Ya kamata a sani cewa mutum na biyu zaɓi ne aka yi, domin an gwada wasu hanyoyin. Scott Adams, a wasansa Adventureland na 1978, ya yi amfani da mutum na ɗaya: tauraro ne yake faɗin inda yake, mai wasa yana ba shi umarni kamar ɗan aike. Haka kuma manhajar Inform 7, wadda Graham Nelson ya fitar a 2006 don rubuta wasannin mutum ɗaya, ta sami gyara a 2014 da ya ba marubuci damar sauya mutum da lokacin labarinsa.

5.0 Dalilan Masu Guje Masa

Jagororin magina na wasanni da dama sun hana amfani da mutum na biyu a bayanin ɗaki, ko sun taƙaita shi. Za a ga dalilin haka a misalan da ke biye, waɗanda aka ƙirƙira da Hausa domin wannan darasi.

5.1 Jingina Aiki da Ji

(1) Kana tsaye a tsakiyar wani faffaɗan zaure. Ka ɗaga kai ka ga azara ta yi baƙi da hayaƙi. Tsoro ya kama ka, ka ja da baya.

Idan aka lura, misali na (1) ya faɗi abu huɗu game da mai karatu: yana tsaye, ya ɗaga kai, ya ji tsoro, ya ja da baya. Kowane ɗaya yana iya zama ƙarya. A DikuMUD tauraro yana iya zama ko hutawa, don haka wanda ya zauna ya buga umarnin dubawa za a ce masa yana tsaye. Wanda tauraronsa ya kashe dodanni bila adadin za a ce masa tsoro ya kama shi. Wanda wannan zaure ne wurin zamansa na kullum zai ja da baya sau hamsin a rana. Mafi muni shi ne an ƙwace wa mai wasa abin da yake nasa. A wasannin da ake ɗaukar matsayin tauraro da muhimmanci, yanke wa tauraron wani abin da zai yi ko zai ji ana ɗaukar sa rashin ladabi, ko da daga wani ɗan wasa ne, balle daga bangon ɗaki.

5.2 Jingina Hanyar Shigowa

(2) Bayan doguwar tafiya daga kasuwa, ka iso ƙofar gari a gajiye. Ganuwa tana gabanka, gonaki suna bayanka.

Ɗaki yakan kasance da mafita fiye da ɗaya. Wanda ya fito daga cikin gari bai taso daga wata kasuwa mai nisa ba, kuma ganuwa tana bayansa ne. Kalmomi irin su "gabanka", "bayanka", "damarka" da "hagunka" sun dogara ga inda mutum ya fuskanta, wanda magini bai sani ba. Shi ya sa ake fifita gabas, yamma, kudu da arewa, waɗanda ba sa juyawa da juyawar mutum.

5.3 Jingina Lokaci da Kaɗaici

(3) Rana tana dukanka, gumi yana zubo maka. Ba kowa a filin sai kai.

Wasanni da yawa suna da dare da rana, da ruwan sama, waɗanda na'ura take sauyawa da kanta. Misali na (3) zai fito a allo da tsakar dare kamar yadda zai fito da azahar. Jumlar ƙarshe kuwa za ta fito, a ƙarƙashinta na'ura ta jera sunayen mutum 10 da ke filin. Mai karatu ba ya buƙatar a gaya masa an yi kuskure, yana gani da idonsa, kuma daga nan ya daina yarda da bayanin, ya koma tsallake shi. Wasanni da yawa suna da umarnin da ke ɓoye bayanin ɗaki ya bar take kawai. Magini mai yawan jingina wa mai karatu ƙarya yana tura shi ga wannan umarni ne.

6.0 Matsalar a Hausa

6.1 Jinsi da Adadi

Ingilishin yau yana da you ɗaya tak ga namiji da mace, tilo da jam'i, tun bayan da thou ta fita daga maganar yau da kullum. Saboda haka maginan farko ba su ci karo da matsalar jinsi a mutum na biyu ba. Faransanci yana tilasta zaɓi tsakanin tu da vous, sannan jinsi yakan bayyana a wasu wurare, kamar assis da assise. Larabci yana bambanta anta da anti, amma rubutun da ba a sa masa wasali ba yana ɓoye bambancin a wurare da dama. Hausa kuwa tana bayyana jinsi a fili, a baki da a rubuce, kusan a kowace jumla, domin lamirin da ke gaban aikatau yana ɗauke da mutum da jinsi da adadi da lokaci gaba ɗaya:

Wakilin suna: kai, ke, ku
Shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya: ka, kin, kun
Shuɗaɗɗen lokaci na biyu: ka, kika, kuka
Lokaci mai ci na ɗaya: kana, kina, kuna
Lokaci mai ci na biyu: kake, kike, kuke
Lokaci na gaba: za ka, za ki, za ku
Lokaci sabau: kakan, kikan, kukan
Umartau: ka, ki, ku
Mallaka: gabanka, gabanki, gabanku

Ke nan misali na (1) ya faɗi abu na biyar wanda takwaransa na Ingilishi ba zai faɗa ba, wato cewa mai karatu namiji ne. Jinsin yana bin sauran kalmomi ma, kamar yadda ake gani a "kai baƙo ne" da "ke baƙuwa ce", inda suna da dirka duk suka canza.

6.2 Harshen Damo a Rubuce

Akwai matsala ta biyu wadda ta keɓanta ga rubutun boko.

(4) Ka shiga zaure.

A baki, wannan jumla biyu ce. Idan "ka" ta zo da dogon wasali da karin sama, labari ne ake bayarwa cewa an riga an shiga. Idan ta zo da gajeren wasali da karin ƙasa, umarni ne. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka a allo duk ɗaya suke. A littafi, abin da ya gabata yakan warware wannan harshen damo. A wasa kuwa, inda mai karatu yake neman sanin abin da ya kamata ya yi, yana iya ɗaukar labari a matsayin umarni, ya tsaya neman ƙofar zauren da yake ciki. Abin lura shi ne namiji tilo kaɗai ke da wannan matsala, domin "kin shiga" ta bambanta da "ki shiga", kuma "kun shiga" ta bambanta da "ku shiga".

7.0 Hanyoyin Warwarewa

7.1 Amfani da "ka" ga Kowa

Hausa tana amfani da "ka" ba tare da nufin wani mutum takamaimai ba, musamman a karin magana, kamar "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa." Mace tana jin wannan ba ta ce an ware ta ba. Sai dai a karin magana kowa ya san ba da shi kaɗai ake ba. A wasa kuwa an riga an tambayi mai wasa jinsin tauraronsa tun a farko, kuma sauran saƙonni suna ce wa mace "kin". Idan bayanin ɗaki ya ce mata "kana", za ta karanta shi a matsayin kuskure.

7.2 Amfani da "ka/ki" ko "ku"

Rubuta "kana/kina" ya dace da takardun cikewa na ofis, amma yana kashe daɗin karatu, kuma manhajar da ke karanta wa makaho allo za ta furta duka biyun a kowace jumla. "Ku" tana kauce wa jinsi, kuma wasu masu magana suna amfani da ita don girmama babba. Illarta ita ce ma'anarta ta farko jam'i ce. Wanda aka rubuta wa "kuna tsaye a zaure" yana iya zaton akwai wani tare da shi, abin da ke da muhimmanci a wasan da ɓarawo zai iya ɓuya a ɗaki.

7.3 Barin Na'ura ta Zaɓa

Wasannin suna da dabarar sauya wakilin suna. A DikuMUD ana rubuta $n a gurbin sunan tauraro, da $e da $m da $s a gurbin wakilan sunansa, na'ura ta cike su gwargwadon jinsinsa. A dangin TinyMUD ana amfani da alamomi irin su %n da %s da %o da %p. Duk waɗannan na mutum na uku ne, domin a nan ne Ingilishi yake bambanta jinsi. Mai son yin haka da Hausa sai ya ƙirƙiri sababbin alamomi ga kowane layi na jadawalin da ke 6.1, ya ƙara da na korewa, kamar "ba ka" da "ba kya", da na karɓau, kamar "maka" da "miki". Adadinsu zai haura 10. Aiki ne mai yiwuwa, amma jinsi kaɗai yake gyarawa. Jumlar "Tsoro ya kama ki" tana nan da laifinta na yanke wa mai wasa abin da take ji.

7.4 Cire Mai Karatu daga Bayanin

Hanya ta huɗu ita ce a bar wurin ya zama abin magana. A nan Hausa ta fi Ingilishi kayan aiki. Tana da lamirin da ba ya nuna mutum ko jinsi: an, aka, ana, ake, akan, za a, a. Wannan lamiri na maganar yau da kullum ne, ba ya yi wa kunne nauyi, har ma ana fuskantar mutum da shi don ladabi, kamar a "An zo lafiya?" Tana da "akwai" da "babu" da "ga". Tana da bayanau na yanayi, kamar "a buɗe", "a rufe", "a rataye", "a jingine". Tana kuma da jumla marar aikatau mai dirka. Ga misali na (1) bayan gyara:

(5) Zaure ne faffaɗa mai ƙofa biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Azarar rufinsa ta yi baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru, yanar gizo-gizo ta cika kusurwoyi. A bangon arewa ga wani tsohon takobi a rataye, kubensa ya tsage, bakinsa da busasshen jini. Ana jin warin jemage daga sama.

Babu jumla ɗaya a misali na (5) da za ta zama ƙarya ga mace ko namiji, ga na zaune ko na tsaye, da dare ko da rana. Tsoron da aka tilasta wa mai karatu a (1) an mayar da shi cikin abubuwan da ke zauren, wato takobin da jinin da warin. Mai karatu ne zai yanke ko ya tsorata ko ya miƙa hannu ya ɗauki takobin. Ga misali na (2) shi ma:

(6) Ƙofar gari ce ta katako mai ƙusoshin ƙarfe, tsayinta ya kai gaba uku. Ganuwa ta miƙe daga gare ta gabas da yamma. Ta kudu hanya ta ratsa gonaki, ta arewa kuma ana hango rumfunan kasuwa.

Akwai abu biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, "an" ta shuɗaɗɗen lokaci tana iya nuna cewa wani ya yi wani abu yanzu. "An buɗe ƙofa" labarin aukuwa ne, alhali "ƙofa a buɗe take" bayanin yanayi ne, kuma shi ɗaki yake buƙata. Ko wannan ma sai idan ƙofar ba ta rufuwa a wasan. "Ana" ta fi dacewa da aikatau na ji da gani: ana ji, ana gani, ana hangowa. Na biyu, jera "akwai" a farkon kowace jumla yana mayar da bayani lissafin kaya, wanda shi ne zargin masu goyon bayan mutum na biyu. Maganinsa shi ne a ba abubuwa aikatau nasu: ganuwa ta miƙe, hanya ta ratsa, hayaƙi ya rina.

8.0 Inda Mutum na Biyu ya Dace

Abin da ya gabata bai nuna a kori mutum na biyu daga wasa ba. Gurbinsa shi ne saƙon da ke amsa umarni, domin a nan na'ura ta san wanda ya yi aiki, ta san jinsinsa, ta san aikin ya auku. DikuMUD yana raba irin wannan saƙo gida uku: na mai aiki, na wanda aikin ya shafa, da na sauran mutanen ɗaki. Da Hausa zai kasance kamar haka:

(7) a. Kin miƙa wa Tanko fitila.
b. Delu ta miƙo maka fitila.
c. Delu ta miƙa wa Tanko fitila.

Aukuwa ɗaya ce, jumla uku, kowace gaskiya ce ga mai karanta ta. Ɗalibi zai lura cewa a (7b) har aikatau ya canza siga zuwa "miƙo", saboda aikin ya nufo wanda ake yi wa magana. Wannan misali ne a aikace na abin da Benveniste ya faɗa: mutum a nahawu yana bin matsayin mai ji ne, kuma idan matsayin ya canza jumla ta canza.

Akwai kuma masu tsayawa tsakiya, waɗanda suke yarda da mutum na biyu a bayanin ɗaki idan ya tsaya ga abin da ido ko kunne zai riska, kamar "kana hango hasumiya daga nan", amma suke hana shi a kan aiki da ji. Wannan matsayi yana tafiya daidai a Ingilishi. A Hausa kuwa "kana" ta riga ta ɗauko jinsi, alhali "ana hango hasumiya daga nan" ta ba da ma'ana ɗaya ba tare da wannan nauyi ba.

9.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa mutum na biyu ya shiga wasannin rubutu ne tun daga wasan Crowther, lokacin da mai wasa ɗaya ne kuma marubuci ya san inda ya ajiye shi. Da wasannin suka zama na jama'a daga 1978, sai "kai" ta zama gurbin da kowa ke shiga, kuma duk abin da aka jingina mata yana iya zama ƙarya. An ga cewa Hausa ta ƙara wa matsalar jinsi da harshen damo a rubuce, amma ta tanadi lamirin "an" da danginsa, da bayanau na yanayi, da jumla mai dirka, waɗanda suke ba da cikakken bayani ba tare da an taɓa mai karatu ba. Darasin ya shafi duk rubutun da ake ajiyewa don wanda ba a sani ba, kamar sanarwar asibiti, da takardar bayanin magani, da saƙonnin wayar salula. Kafin marubuci ya rubuta "ka", ya kamata ya tabbatar ya san wanda zai karanta.

10.0 Aikin Gwaji

1. A fitar da duk abin da wannan bayani ya jingina wa mai karatu: "Ka sauka cikin kwari da ƙyar, ƙafafunka suna ciwo. A damarka akwai wata bishiyar kuka da ba ka taɓa ganin irinta ba."
2. A sake rubuta shi ba tare da mutum na biyu ba, kuma kada "akwai" ta fito fiye da sau ɗaya.
3. A rubuta saƙo uku irin na misali na (7) da aikatau "jefa", a bayyana inda sigarsa ta canza da dalilin canzawar.
4. A kawo jumla biyu da "ka" take da harshen damo a cikinsu a rubuce, a nuna yadda za a warware shi ba tare da sa alamar karin sauti ba.